Na ce wa Baba targaɗe ne

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya ce ƙato da shi yana kuka a kan kare, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Mahaifina manomin albasa ne a Kashin Zama. Tun da idonsa ya yi rauni, tsohon karensa Dogo ne ke shiga gaba ya kai shi fadama ya dawo da shi. Bana Dogo ya fara ɗingishi, agarar ƙafarsa ta baya ta kumbura har ya daina taka ta. Na kai shi wurin likitan dabbobi, aka ɗebi wani abu daga kumburin aka aika gwaji. Da sakamako ya fito likita ya ce ciwon daji ne a jijiyar, irin wanda ba kasafai ake gani ba, kuma ya yi nisa, ga tsufa, ba zai jure yanke ƙafa ba. Ya ce a riƙa ba shi maganin rage zafi, kada a matsa wurin, in abin ya tsananta a kawo shi a yi masa allura ya huta.

Wannan ciwon ne ya ɗauke mana Inna. Ta yaya zan sake furta sunansa a gidan nan? Ina shiga zaure Baba ya ce, "Mi likita yac ce?" Sai na ji bakina ya ce targaɗe ne.

Abin da na manta shi ne mu mutanen ƙasar Aliero ne, garin masu ɗori, ba a ce mana targaɗe mu zauna. Washegari Baba ya aika wa amininsa mai ɗori. Mutumin ya ce bai taɓa ɗora kare ba, amma saboda Baba zai yi. Yanzu duk zuwansa sai ya ja ƙafar nan, ya murza kumburin, ya ɗaure da karare. Ni ke riƙe kan Dogo. Yana kuka yana kallona, Baba na gefe yana ce masa ya daure, zafin warkewa ne. Wallahi ina jin kunyar kaina. Kullum sai na ce yau zan faɗa, in na ga Baba yana lissafin ranar da za su koma fadama tare sai bakina ya mutu.

Jiya Dogo ya ƙi cin abinci. Baba ya laluba ya shafa kansa, sannan ya ce, "Ba don kai kac ce targaɗe na ba, da sai in ce irin ciwon uwarka na. Ita ma hakanga ta bar ci."

In na faɗa masa gaskiya, na nuna masa ɗansa ya yi masa ƙarya, kuma shi da kansa ya sa aka yi ta azabtar da abin da ke yi masa ido. In na yi shiru, jibi mai ɗori zai dawo, kuma ni ne mai riƙe kan.

Jama'a, ku taimake ni. Me zan yi?