Jan Tsumma a Bakin Tafki

Asabar, 3 ga Mayu

An sake ɗauke ƙwai a bakin tafki. Sheƙa biyu a ɓangarena wayam, ko ɓawo babu. Dakta, malamar da ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai ke taya bincike a gandun daji, ta ce mu riƙa kawo mata abin da muka gani kawai, ban da zato. To, ita na gaya mata babu ƙwai. Nan kuwa littafina ne, zan yi zatona son raina. Dabba in ta sha ƙwai takan bar ɓawo. Wannan aikin mai hannu ne. Na ƙare ƙuruciyata ina bin gidaje ina karanta mitar wuta, na san yadda wuri yake in an yi sata an share sawu.

Talata, 6 ga Mayu

Mai ɗakina ta gano jan zanenta na yayyaga. Na sha faɗa, amma ai aikin alheri ne. Tsuntsayen nan, zakaran ƙeƙuwa, a ƙasa suke zuba ƙwai, kalar tsakuwa, sai ka taka ba ka gani ba. Dakta ta ce mu riƙa gane sheƙa da dutse ko kututture daga nesa. Wa ke da idon wannan? Tun farkon aikin bana ni na kawo dabarar kafa sanda da jan tsumma a gindin kowace sheƙa, kowa ya yaba. Ita Dakta tana can wajen kogo tana fama da jemagu, ba ta ma zo ta gani ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Yau ma an kwashe, har a ɓangaren abokan aikina, Tela da Malamar Firamare. Na zauna na yi tunani: bara ba mu ga haka ba. Me ya canza bana? Mai Kaji ne ya shigo ƙungiya. Ƙanin mai ɗakina, autansu, mai shagon ƙwai a bakin titi. Mai sayar da ƙwai wai shi ne ya zo gadin ƙwai. Tun farko hankalina bai kwanta ba, shi ya sa da ina rabon tsumma na tsallake shi. Ya ce, "Yaya, ni fa?" Na ce ya ƙare.

Kullum da wata jaka a kafaɗarsa, bakinta a zuge.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ɓangarensa, can bayan kuka, ko ƙwai ɗaya bai ɓata ba. Mana. Ya san da zarar an taɓa nasa shi za a fara kallo.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na biya shagonsa kamar gaisuwa ce ta kawo ni. Bayan kiret ɗin ƙwan kaji na hango wasu ƙanana masu ɗigo-ɗigo a cikin kwano. Na tambaye shi. Ya ce na salwa ne, wani ke kawo masa, har ya dafa min biyu. Ban ci ba. Ya yi ta zuba min labarin yadda uwar tsuntsun ke jan fiffike kamar ta karye don ta janye mutum daga sheƙa, idonsa har ƙyalli yake yi. Masu haɗa wayar sata ma haka suke, su suka fi kowa kawo maka ruwan sanyi.

Na ƙara girman tsummokaran, don in riƙa hango sheƙuna daga kan tudu da madubin hangen nesa.

Asabar, 17 ga Mayu

Na ja Shugaban ƙungiyarmu gefe na gaya masa komai. Ya ce maganar tana da nauyi. An dakatar da Mai Kaji, an karɓi katinsa na shiga gandu. Asabar mai zuwa za a zauna, in ta tabbata a miƙa shi ga jami'an daji. Shugaba ya ce in dai suka rubuta sunan mutum, sai kotu.

Bai yi gardama ba. Ya ajiye katin a kan benci, ya dube ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai an jima." Tun da na auri yayarsa bai taɓa kirana da wani abu ba sai Yaya.

Litinin, 19 ga Mayu

Mai ɗakina ta daina yi min magana. Abinci dai ana ajiyewa. Jiya ta ce kawai, yaron da ta goya ne, in yana sata ita za ta fara sani. Duk 'yan'uwan ɓarawo haka suke cewa.

Laraba, 21 ga Mayu

An kuma kwashe sheƙa ɗaya, alhali ba shi da kati. Ashe ta wani wuri yake satar shiga. Akwai inda wayar shinge ta saki.

Amma na duba wajen, ban ga sawu ba. Wannan ya tsaya min a rai.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na ce zan kama shi da idona kafin zaman gobe. Jiya na ga sabuwar sheƙa kusa da inda shingen ya saki, na kafa mata sanda da tsumma mafi girma, yau da safe na laɓe a bayan sabara da madubina. Ƙafata ta yi tsami, tururuwa ta shiga wandona, ba ko motsin mutum.

Can sai ga hankaka. Bai yi wani shawagin nema ba, kai tsaye ya sauka a kan sandata. Ya karkata kai ya leƙa ƙasa. Uwar ta taso tana ihu tana jan fiffike, ko kallonta bai yi ba. Ya dira, ya ɗauki ƙwai ɗaya ɗungurungum a bakinsa, ya tafi. Ya dawo ya ɗauki na biyu. Daga nan ya bi sauran sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kowace yana leƙawa, yadda nake bin mitoci gida-gida.

Na daɗe a zaune. Kunya na ji. Na tashi na tumɓuke sandunan duka, nawa da na Tela da na Malama. Na zaga bayan kuka, inda babu tsumma ko ɗaya. Da ƙyar na gano sheƙunan. 'Yan tsaki na gani suna gudu a bakin ruwa.

Asabar, 24 ga Mayu

Na zube sandunan a gaban taro na faɗi abin da na gani. Dakta ta dafe kai, ta ce da ta leƙo tafkin da tun ranar farko ta hana. Tela ya yi dariya ya ce ashe mu muka buɗe wa hankaka kantin ƙwai har da alama a ƙofa. Ni ban ga abin dariya ba. Shugaba ya miƙo min katin ya ce tunda ni na sa aka karɓa, ni zan mayar.

Mai Kaji bai zo ba.

Talata, 27 ga Mayu

Na kai masa. Yana jera ƙwai a kiret, bai ɗago ba. Na ce hankaka ne. Ya ce ya ji. Na ce ƙwayayensa sun ƙyanƙyashe, akwai 'yan tsaki. Hannunsa ya tsaya, amma bai tambayi ko nawa ba.

Ya ce, "Da ka ce in buɗe jakar, ai da na buɗe. Abincin rana ne, ita take zuba min."

Ita ɗin mai ɗakina.

Na ajiye katin kusa da kwanon ƙwan salwa, na ɗora madubina a kai. Na ce ya riƙe, ni nauyi yake yi min a wuya. Bai taɓa ba, bai kuma ce in ɗauke ba.

Ranar Asabar zan bi ta ƙofar shagon da safe. Ba hanyar gandu ba ce, amma dama likita ya ce in ƙara yawan tafiya.