Ni Ma Na Ce Zan Tafi

Ƙanina,

Ya iyali, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai abin da ido ke gani.

A kamfaninmu, da mai rubuta manhaja ya ce ana zawarcinsa a wani wuri, sai Manaja ya hau lallashi, kada duniya ta ce ana gudunmu. Mai Gilashi ya gwada, aka ba shi ofis mai taga. Ba hassada ba, amma ni na koya masa aiki.

Shekara ashirin ina gyara musu kwamfutoci, sai na gyara murya na ce ni ma zan tafi. Manaja ya rungume ni, ya tambayi ranar walimar bankwana.

Na ce wasa nake. Har yau bai yi dariya ba. A sa ni a addu'a, kada Inna ta ji.

Yayanka