Abonman da Sani Ya Yi Mini

Laraba da dare, unguwar Zariya

Ƙanena Sani ya kira daga Amurka, wai ya yi mini abonman, wato ya biya mini kuɗin kallon wasan besbol a salula, na halal, ba sai da farantin parabol na talabijin ba. Na kalla. Wani ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata sanda, saura suna tsaye kamar masu jiran mota.

Ni dai ban yarda da alherin nan ba. Ko tambayar garkar Baba, lambunmu na Jiratawa, bai yi ba, alhali ya ce bayan damina zai dawo mu noma ta tare.

"Yaya, na shekara ne," in ji shi, "mu riƙa kallo muna hira ta waya."

Na shekara fa! Yaron nan ba dawowa zai yi ba.