Ƙodar da Ta Sha Ruwan Hijir

Tandabawi, Makka

Yaya Uzair,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ramukanka. Na rubuto ne don in na kira ka kuka ba zai bar ni in yi magana ba, ga Baba a ɗaki yana jin ko motsin cokali. Kabo direba zai kawo maka.

Sakamakon gwajin da ka yi ya fito: ƙodarka ta dace da ta Baba. Na yi sujada a tsakiyar mustashfa, asibitin nan cike da jama'a, ban damu da masu kallo ba. Amma da likita ya gaya masa, sai ya juya fuska bango. Ya ce ba za a sa masa ƙodar da ta sha ruwan Hijir ba, ƙasar da aka halaka mutanen Annabi Salihu, inda aka ce in za a wuce a wuce da sauri ana kuka. Wai kai kuwa ka je ka zauna, har kana tonon ta da buroshi.

Wankin ƙodar ya fara gagara, Yaya. Jijiyoyin hannunsa duk sun mutu, jiya a wuya suka huda shi. Ni na rasa inda zan sa kaina. Ka rubuto masa, tunda ya ƙi ɗaukar wayarka.

Ƙanwarka, Tahani

Sansanin tono, Hijir

Zuwa ga mahaifina, Malam Awwalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa mai neman albarka. Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, ba gidajen Samudawa nake tona ba. Barikin sojojin Rumawa ne, waɗanda suka zo bayansu da zamani mai tsawo, aka ajiye su nan bakin iyakar daularsu su tsare hanyar fatake. Ba su bar mana littafi ba, sai abin da ya faɗi daga hannunsu. Daga ƙasusuwan bola muka gane naman raƙumi suke ci. Daga fasassun tukwane muka gane wasu daga nesa aka kwaso su. A jikin dutse sun kankare sunayensu, kowa yana roƙon a tuna da shi. Yanzu haka ina tsakiyar buɗe wani ɗaki mai murhu, ban kai ƙasansa ba tukuna.

Ruwan da muke sha kuwa na gora ne, mota ke kawowa. Ko bakin rijiyar Samudawan ban taɓa zuwa ba. Ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi a Harami.

Ni da nake rarrafe a rana don in san abin da baƙin mutane suka ci, ta yaya zan zauna ubana yana ƙarewa alhali maganinsa na cikina? Na roƙe ka don Allah, Baba. Ka yi fushi da ni iya son ranka, amma ka karɓa.

Ɗanka mai biyayya, Uzair

Tandabawi

Yaya,

Salam. Na karanta masa. Da na zo wajen raƙumi ya ce, "Su ma talakawa ne ashe." Da na zo wajen sunaye ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Khalas, ya isa, ninke takardar."

To bari ni ma in yi maka irin aikinka, in tono gaskiya daga ƙananan alamu. Tun da aka fara maganar nan Baba bai tambayi malami ko ɗaya ba, shi da ko kan alwala sai ya buɗe littafi. Likita ya tambaya. Ina bayan labule na ji shi yana cewa, "Ya daktur, mai ƙoda ɗaya zai iya wuni a rana yana haƙa?" Likita ya ce sai da kiyayewa. Baba ya ce, "Yaron nan bai san kiyayewa ba."

Ka gani? Ba ruwan ba ne kaɗai. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Yi wani abu, wallahi na gaji da ƙarfin hali.

Tahani

Hijir

Tahani,

Wa alaikumus salam. Na ajiye aikin. Na miƙa wa shugabar tono kayana, ɗakin murhun wani zai ƙarasa. Ki gaya wa Baba ba ni ba rana, ba ni ba Hijir, ko shagon turare ne a Rusaifa, nan Makka, zan tsaya. Ki ce wa likita ya sa rana. Zan biyo Kabo in ya juyo.

Yayanki

Makka

Uzairu,

Aminci ya tabbata gare ka. Da hannuna na rubuta, ka yi haƙuri da rubutun.

Wa ya ce ka bar aikinka? Ka zo in gan ka, sannan ka koma ka kai ƙasan ɗakin nan. Maganar ruwa na yafe, duniya da lahira. Ƙodar kuwa ka riƙe abarka. Ba zan kwanta a gado ɗaya ana yanka ka a ɗayan ba.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka