Na Cire Hannuna Daga Bakin Tiya

Malama Amatullahi, don Allah ki agaza mani da shawara kafin Alhamis, wasan waya na neman raba ni da abincina.

Ni mai awo ne a rumfar kawuna, ƙanen mahaifiyata, da ke sayen gero da dawa tun daga Kaura Namoda har kasuwar Shinkafi. Shekara shida ina riƙe mashi tiya. Aikin ba wuya. In manomi ya kawo hatsi, sai in kewaye bakin tiyar da hannun hagu, hatsi ya hau ya yi tozo har bisa yatsuna. In damina ta faɗi, manomin nan ya dawo saye, sai hannun ya tuna yana da aljihu. Kawu na kiran wannan sanin kasuwa. Ni ma haka nike kiranshi, tunda ban yi nisa ga boko ba balle in san wani suna.

To, abokina Armiya'u mai gyaran waya ya sa mani wani gem mai labari, shi ke fassara mani Turancin. A ciki, wani kamfani ya saye rijiyoyin gari kaf, yana sayar ma mutane ruwan kakanninsu, har da yi masu godiya. Kai mai wasan, kai ne mai auna ruwan. Sai a tambaye ka, ka rage ko ka cika? Sati biyu ina ragewa, anka yi ta ƙara mani girma, har hula anka ba ni. Rannan, don dai in ga abin da za ya faru, na cika ma wata tsohuwa tulunta. Kamfani ya kore ni. Amma mutanen gari sunka taru, munka gina rijiya tamu, ruwa ya fito, har da kiɗa. Malama, ina zaune bisa buhu sai da idona ya kawo ruwa. Daidai nan wasan ya tsaya ya nuna mani tallar takalmi. Na gane, masu zagin jari-hujjar ma sai sun ci tuwo.

Alhamis da ta wuce a Shinkafi, wata dattijuwa daga Galadi ta sauka daga mashin da rabin buhun gero. Ta ce gonar nesa ba ta nomu ba bana saboda 'yan bindiga, wanga na 'yar gonar da ke kusa da gida ne. Na ɗora tiya, hannuna ya ƙi zuwa. Na auna nata yadda nike auna ma mai saye. Ko lura ba ta yi ba. Ba kiɗa, ba rijiya, ta hau mashin ta tahi. Kawu kaɗai ya lura, shi da ko lambar waya ba ya gani sai da tabarau.

Bai yi hwaɗa ba. Ya dai taya ni murnar zama waliyyi, ya ce ran Alhamis mai zuwa ko hannuna ya koma inda ya saba, ko in aje mashi tiyarshi. A gem in ka ɓata, dannawa kake ka sake daga farko. Na duba jikin Kawu sama da ƙasa, ban ga wurin dannawa ba. Uwata da ƙannena daga tiyar nan suke ci. Mi zan yi?

Mai Awo, Kaura Namoda

Ɗana Mai Awo,

Na gode wa masu gem ɗin nan. Abin da limamin unguwarku ke faɗa kan ha'incin awo tun kana yawo ba wando, sai da aka sa masa kiɗa da tallar takalmi sannan ka ji. Ba komai, tunda dai ka ji.

Amma ka lura, mutanen garin can sun tsaya maka ne don wanda ya tsara labarin ya so haka. A Shinkafi babu wanda ya tsara maka komai. Kawunka kuma ba kamfani ba ne. Mutum ne da ke ɗora dukiyarsa a mota kan hanyar da kowa ya san halinta, ga dako, ga ajiya, ga ƙwari na cin rabonsu. Yana da haƙƙin riba. Abin da ba nasa ba shi ne hatsin da ke kan yatsunka.

Kada ka jira Alhamis. Ka same shi a gida, ba gaban 'yan kasuwa ba, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ribar da yake nema a tozon nan ya sa ta a farashi, a faɗe ta da baki, mai hatsi ya yarda ko ya ƙara gaba. Ka gaya wa mahaifiyarka tun yau. Yayarsa ce, akwai maganar da daga bakinta kawai zai ji. Ka kuma leƙa wasu rumfunan cikin sirri, wanda ya shekara shida yana awo ba zai rasa mai sonsa ba.

Yana iya karɓe tiyarsa, ba zan yi maka alkawarin kiɗa ba. Amma dattijuwar Galadi ta koma gida da haƙƙinta cif, ko ta sani ko ba ta sani ba, kuma wannan ba a waya ya faru ba. Ka bar hannun nan a aljihu. Allah ya buɗa maka, ya sanyaya zuciyar Kawu.

Malama Amatullahi