Gwiwar Ɗan Kura

Kura,
Litinin.

Abokina Gideon,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya jikin Mama Sabina? Allah ya ba ta sauƙi.

Da ina da wata dabara, da ban dame ka kana jinyar mahaifiya ba. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban tumatir wannan takarda.

Ɗan Kura, mutum-mutumin da muka ƙera ni da kai da Fa'iza, ya ƙi tsayuwa. Ƙwallo kam yana ganinta, yana binta da kansa a dandamalin shanyar shinkafa, amma da ya ɗaga ƙafa zai buga sai ya kife. Jiya injin gwiwarsa ta hagu ya ƙone. Gasar ƙwallon mutum-mutumi ta ɗalibai a Kano ranar Asabar ce. Malaminmu ya ce idan ba mu shiga fili ba, kwance shi za a yi a raba wa 'yan ƙaramin aji kayan.

Kai ka tsara ƙafafun nan, ni kyamara kawai na sani. Don Allah ka ce wani abu.

Naka,
Suhaibu.

Kura,
Lahadi.

Gideon,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama.

Amsarka ta iso. Mun cire injin kafaɗa mun sa a gwiwa kamar yadda ka ce. Fa'iza har hawaye ta yi, wai in ya faɗi ba zai tashi da hannu ɗaya ba.

Gideon, jiya a gasar Ɗan Kura ya buga! Ya tako, ya tsaya, ya buga, bai kife ba. Ƙwallon ta daki turken raga. Sai mutum-mutumin abokan karawarmu ya bangaje shi. Ɗan Kura yana ƙasa yana ta yunƙuri har aka tashi wasa. An cinye mu.

Malam ya ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen zango, da sharaɗin ya riƙa tashi da kansa. Wannan kuwa sai kai.

Ka rubuta cewa ka bar karatu, don ba mai kula da Mama. Na karanta wa Baba wurin. Ya ce ka taho da ita, asibiti na kusa da mu, ɗakin Yaya Usaini kuma ba kowa. Kada ka ce a'a. Inna ta riga ta share ɗakin.

Naka,
Suhaibu.