Ciwonki Bai Jira Kaka Ba

Zuwa ga Innata, da ke kwance a maƙabartar Malisa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci.

Inna, magana ce ta taso a jiharmu, ta hana ni sukuni. Ana ja-in-ja a kan ko gwamnati za ta faɗaɗa inshorar lafiya ta kai ga manoma da tsofaffin ƙauye. Katin nan ne da nake nunawa a asibiti a duba ni ba sai na biya nan take ba. Nawa ya ɗauki matata da jikokinki, amma ke bai san da zamanki ba.

A makarantar da nake koyarwa a Kalgo, kullum sai an yi musun nan a gindin darbejiya. Malam Bitrus, abokin aikina, ya ce ina amfanin kati in asibitin babu magani. Wani ya ce gwamnatin da albashi ma ke ba ta wuya, ina za ta iya da tsofaffin jiha kaf. Ba ƙarya suka yi ba. Amma da zarar sun fara, muryarki nake ji a bayan kunnena, har sai na waiwaya.

Kin san al'adarmu. A Malisa ba a zuwa asibiti da damina, sai an yanke gero an sami abin kaiwa kasuwar Gwandu. Ciwo ma layi yake bi, bayan taki da 'yan ƙwadago.

Na tuna ranar da na same ki kina daka a zaune, ke da ba ki taɓa yarda mace ta yi daka a zaune ba. Ƙafafunki sun kumbura, kika ja zane kika rufe su. Kika ce, "Ba komi na ba. A bari a yanke hatsi tukuna." Har tsiya kika yi mini, wai malaman boko ko sauro ya cije su sai allura.

Gero na fitar da kai muka kai ki makwancinki. Shekarar an yi albarka, rumbu ya cika har baki. Da hatsin muka yi sadakar arba'in ɗinki, kuma har yau tuwon sabon gero ba ya wuce mini maƙogwaro.

Yanzu ga Baba. Tari ya kama shi tun shuka, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Na ce ya zo in kai shi da albashina, ya ce ba zai ci abincin jikokinsa ba. "Ba yau nif fara tari ba," in ji shi, "a bari sai kaka." Da kati ne na gwamnati, na tabbata zai zo, don ba zai ga ya ɗora wa kowa nauyi ba.

Su masu musu suna da lokaci, Inna. Baba ne ban sani ba ko yana da shi. Tsoro nake ji ƙwarai. Ranar Asabar zan tafi Malisa, ko da zai yi fushi da ni har kaka sai na ɗora shi a mota. Ke kaɗai yake jin maganarki, ga shi ba kya nan.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zame miki kaffara. Ya bar mana Baba ya ci sabon geron bana da bakinsa. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda kunya ta hana ki kiran sunansa har kika tafi.